Ƙaro Ilimi Ga Ma'aikacin Gwamnati: Hanyoyinsa Da Sharuɗɗansa

Jawabi ga ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, da na Jiha, da na ƙananan hukumomi a Minna, Jihar Neja



Wannan jawabi ya shafi wani al'amari ne da kowane ma'aikaci yake jin labarinsa a ofis, amma kaɗan ne suka san ƙa'idarsa, watau tura ma'aikaci kos ko ba shi sukolashif domin ya ƙaro ilimi yana cikin aiki. Wasu sun ɗauka wannan wata alfarma ce da ba ta samuwa sai ga mai uwa a gindin murhu. Wasu kuma sun ɗauke shi hanyar hutawa da karɓar alawus. Duka biyun kuskure ne. Gwamnati tana horar da ma'aikaci ne domin aikin jama'a ya inganta, kuma da kuɗin jama'a take yin haka. Saboda haka ƙofar a buɗe take ga duk wanda ya cika sharuɗɗa, wanda kuwa ya shige ta ya ɗauki bashi, kuma da aiki zai biya.

Tushen al'amarin

Ba sai an yi nisa da Minna ba kafin a ga abin da rashin horarrun ma'aikata yake jawo wa ƙasa. A shekarar 1902 Gwamna Lugga ya mai da hedkwatar mulkin Arewa Zungeru, ta kuwa zauna can har lokacin da aka ƙaura zuwa Kaduna a 1917. A ofisoshin Zungeru na wancan zamani, akawuna da masu buga waya da masu lissafin kuɗi yawancinsu daga kudancin ƙasar nan aka kawo su, wasu ma daga Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau. Mahaifin Dokta Nnamdi Azikiwe ɗaya ne daga cikin waɗannan akawuna, shi ya sa aka haifi Azikiwe a Zungeru a 1904. Haka abin yake a tashar jirgin ƙasa ta Minna bayan da hanyar dogo ta Baro ta isa Kano a 1911. Mutanen ƙasa ba su rasa basira ba, ga malamai ga alƙalai masu rubutu da Larabci da ajami. Abin da suka rasa shi ne irin horon da sabon aikin yake bukata.

Da sannu aka fara toshe wannan giɓi. Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka kuma kafa Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920. Daga ƙasar Neja ta samu ɗalibai irin su Alhaji Aliyu, Makaman Bida, wanda ya shugabanci Midil ta Bida kafin ya zama Ministan Ilimi, daga baya kuma Ministan Kuɗi na Jihar Arewa, da Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara, wanda ya bar aji ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Abin lura a nan shi ne, manyan wancan zamani da dama suna cikin aiki aka tura su ƙaro ilimi. Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne a Bauchi sa'ad da aka ba shi sukolashif ya tafi sashen nazarin ilimi na Jami'ar Landan a 1945. Da ya gama ya komo gida ya ci gaba da aikin ilimi a En'e ta Bauchi.

A 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a Kongo ta Zariya. A 1954 aka ɗaukaka ta ta zama Makarantar Koyon Aikin Mulki, a 1962 kuma ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello. A nan aka horar da ɗimbin ma'aikatan En'e, da ma'aji, da alƙalai, da 'yan ƙasa waɗanda suka gaji Turawa a kujerar Di'o, a zamanin da gwamnatin Sardauna ta dage sai 'yan Arewa sun riƙe aikin Arewa.

Abin da gwamnati ta tanada

A 1969, tun yaƙin basasa bai ƙare ba, Gwamnatin Tarayya ta fitar da takardar manufa a kan horar da ma'aikatanta. Daga nan aka shiga kafa hukumomi ɗaya bayan ɗaya. A 1971 aka kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, watau ITF, mai hedkwata a Jos. A 1973 dokar soja mai lamba 39 ta kafa Kwalejin Horar da Manyan Ma'aikatan Mulki, wadda aka fi sani da ASCON, mazauninta kuwa yana Topo kusa da Badagry a Jihar Legas. A wannan shekara kuma aka kafa asusun PTDF domin samar da ƙwararru a fannin man fetur. A 1979 aka buɗe Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki a Kuru kusa da Jos, inda ake tara manyan ma'aikata da manyan hafsoshi su yi nazari tare. Ƙananan ma'aikata ma ba a bar su a baya ba. Akwai cibiyoyin horo na Tarayya guda shida, a Legas da Kaduna da Ilori da Inugu da Maiduguri da Kalaba, inda ake koyar da aikin akawu da na sakatare da adana fayil. Bayan da gwamnati ta koma Abuja an ƙara da wata cibiyar horar da ma'aikata a can.

A tsakiyar wannan aiki ne Janar Yakubu Gowon ya naɗa hukumar binciken aikin gwamnati a 1972 a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji, ta kuwa miƙa rahotonta a 1974. Har yau in aka ce Udoji, abin da dattawa suke tunawa shi ne ƙarin albashi da ariyas da aka biya a 1975, lokacin da ma'aikata suka cika kasuwa suna sayen babur da rediyo. Amma kuɗi yanki ɗaya ne na rahoton. Shi ne ya jera aikin gwamnati mataki-mataki daga na 01 zuwa na 17, ya kuma nace a kan cewa a riƙa auna ma'aikaci da sakamakon aikinsa, a kuma riƙa horar da shi tun daga ranar da ya kama aiki har ya bari. An karɓi kuɗin hannu bibbiyu, amma maganar horo ba ta samu irin wannan karɓuwa ba. Daɗin daɗawa, a 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da dubu goma, aka wayi gari matasa sun hau kujerun da ba a shirya su dominsu ba.

Cikin wannan hali aka ƙirƙiro Jihar Neja ranar 3 ga Fabrairu, 1976, daga tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma, aka mai da Minna babban birninta, Kwamanda Murtala Nyako ya zama gwamnanta na farko. Ma'aikatan da suka dawo daga Sakkwato su ne suka kafa ma'aikatu daga tushe, a garin da aka fi sani da tashar jirgi. Sabuwar jiha tana bukatar injiniyoyi da likitoci da malaman gona da masu binciken kuɗi, ba ta kuwa da isassu. Makarantun da aka kafa kewaye da ma'aikacin Neja amsar wannan bukata ce: Kwalejin Ilimi ta Minna, da Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Bida, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Kontagora, da Kwalejin Fasaha ta Jiha a Zungeru, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka buɗe a Minna a 1983, da jami'ar jiha da aka kafa a Lapai a 2005. Abin da kakanni suka tafi Katsina ko Zariya ko Ingila nema, yau yawancinsa yana bakin ƙofa.

Hanyoyi uku na tafiya karatu

Dokokin aikin Gwamnatin Tarayya sun ware hanyoyi uku. Jihohi da ƙananan hukumomi suna da nasu dokoki, amma galibi a kan wannan tsari suke tafiya.

Hanya ta farko ita ce horon cikin aiki. A nan ma'aikata ce da kanta take ganin tana bukatar wani ilimi, sai ta zaɓi ma'aikacinta ta tura shi. Albashinsa yana tafiya, gwamnati kuma ita take biyan kuɗin makaranta da alawus ɗin da doka ta yanka.

Hanya ta biyu ita ce hutun karatu da albashi. Ma'aikaci ne yake nemo gurbi a makaranta, ya nuna cewa karatun ya dace da aikinsa. In an amince, albashinsa ba zai tsaya ba, amma ɗawainiyar makaranta tana wuyansa, ko wuyan wata hukuma da ta ba shi sukolashif.

Hanya ta uku ita ce hutun karatu ba albashi. An tanade ta ne domin wanda yake son karatun da ma'aikatarsa ba ta matsu da shi ba. Ba za a biya shi ba har ya dawo, amma sunansa yana nan cikin jerin ma'aikata, aikinsa bai yanke ba.

Bayan waɗannan akwai gajerun kwasa-kwasai na mako ɗaya zuwa 'yan watanni, da karatun yamma ko na ƙarshen mako, da karatu daga gida. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka kuma farfaɗo da ita a 2002, tana da cibiya a Minna. Malaman makaranta suna da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tun 1976. Wannan hanya ta fi dacewa da masinja ko direba ko ƙaramin akawu mai son hawa mataki, da matar aure wadda barin gida zai yi mata wuya. Amma ko karatun yamma ne, wajibi ne a nemi izini a rubuce tun kafin a fara.

Game da sukolashif kuwa, akwai Hukumar Sukolashif ta Tarayya a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, Jihar Neja ma tana da tata hukumar. Malaman jami'o'i da kwalejojin gwamnati suna samun tallafin digiri na biyu da na uku daga asusun TETFund, wanda ya samo asali daga harajin ilimi na 1993. Ma'aikatan ƙananan hukumomi 25 na jihar nan, Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ce take riƙe da sha'anin horonsu. Daga ƙasashen waje akwai shirin ƙasashe renon Ingila da aka fara a 1959, da na Chevening da gwamnatin Birtaniya ta kafa a 1983. Ana shelar waɗannan a jaridu da takardun zagaye na ofis da kuma intanet. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu domin ya sa sunan mutum a jeri, ɗan damfara ne.

Yadda ake nema

A ɗauki misalin wani akawu mai mataki na 06 a ofishin kuɗi, yana da ƙaramar difloma, yana kuma son babba. Abu na farko da za a duba shi ne ko an tabbatar da shi a aiki, domin sabon ma'aikaci yana shekara biyu cikin gwaji, kuma ba a ba wanda bai fita gwaji ba dogon hutun karatu. Na biyu, a duba fayil ɗinsa: in akwai tuhuma a kansa da ba a warware ba, sai ya jira. Na uku, a duba ko karatun ya shafi aikinsa. In lissafin kuɗi ya nema, hujjarsa a fili take. In kuwa ya nemi wani fanni dabam, za a iya ba shi hutu ba albashi, amma kada ya sa rai takardar za ta ɗaga shi a layin da yake kai.

Na huɗu, makarantar da kos ɗin su kasance waɗanda hukuma ta amince da su. Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ce take tantance jami'o'i, Hukumar Ilimin Fasaha da ke Kaduna tana tantance kwalejojin fasaha, kwalejojin ilimi ma suna da tasu hukumar. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A watan Janairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan da wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samu digiri cikin 'yan makonni ba tare da ya zauna a aji ba. Wanda ya zuba kuɗinsa a irin wannan wuri ya yi asara biyu, ga kuɗi ya tafi, ga aikinsa cikin haɗari.

Na biyar, takardar nema ta bi ta hannun shugaban sashe zuwa ga Babban Sakatare, haɗe da takardar samun gurbi, daga nan ta wuce ofishin Shugaban Ma'aikata in doka ta bukaci haka. Akawun nan ba zai bar kujerarsa ba sai amsa ta zo a rubuce. Alkawarin baki na maigida ba izini ba ne, domin gobe ana iya yi wa maigidan canji. Wanda ya tafi ba takarda, a idon doka ya gudu daga aiki ne, hukuncin wannan kuwa yana iya kaiwa ga kora.

Ya kamata kuma ma'aikaci ya yi lissafin shekarunsa. A aikin Tarayya ana yin ritaya ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, duk wadda ta riga zuwa, in ban da wasu rukunoni kamar malaman makaranta da alƙalai da aka yi wa tanadi na dabam. Mafi ƙarancin zama kafin ƙarin girma shekara biyu ne ga mai mataki na 06 zuwa ƙasa, uku daga na 07 zuwa na 14, huɗu daga na 15 zuwa sama. Gemu ba ya hana ilimi, gaskiya ne, amma wanda ya ƙaro ilimi da wuri shi ne zai daɗe yana cin moriyarsa, jama'a ma su daɗe suna ci.

Yarjejeniya da nauyin da ke cikinta

Kafin ma'aikaci ya tafi dogon karatu da kuɗin gwamnati, yana sa hannu a takardar yarjejeniya cewa zai dawo ya yi aiki na wasu shekaru, gwargwadon tsawon karatun, in kuwa ya saɓa zai mayar da abin da aka kashe masa. Yawanci akan nemi masu tsaya masa su ma su sa hannu. Mutane da yawa suna rattaba hannu ba su karanta ba, kamar wata al'ada ce ta ofis. To, Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Saɓa wannan alkawari yana da illa da ta wuce kan mai saɓawa. A 2023 shugaban TETFund ya shaida wa Majalisar Wakilai cewa malamai fiye da ɗari da aka tura ƙasashen waje sun ƙi dawowa bayan sun gama. Wannan, haɗe da tsadar kuɗin waje, ya sa asusun ya dakatar da tura sababbin malamai waje daga farkon 2025, ya mai da hankali ga jami'o'in gida. Waɗanda suka gudu sun samu abin da suke so, ƙannensu da ke bin layi su ne aka rufe wa ƙofa. A ƙaramin ofis ma haka abin yake. In aka tura ma'aikaciyar jinya ɗaya daga asibitin karkara, abokan aikinta ne suke ɗaukar dutinta shekara biyu ko uku, majinyata kuma su yi ta haƙuri da dogon layi, duk bisa fatan za ta dawo da abin da ba su da shi. In ta zarce wani wuri, su aka zalunta.

Wanda ya dawo kuma, akwai abin da ake jira daga gare shi. Ya kai rahoton dawowarsa nan da nan, ya miƙa takardar shaidarsa a sa a fayil, ya rubuta abin da ya koyo, ya kuma koya wa na ƙasa da shi. Satifiket ɗin da ke rataye a bango ba ya rage wa ɗan fansho jiran fayil, ba ya gyara famfon ƙauye. Ana gane horarren ma'aikaci ne a wurin mutumin da ya zo ofis da bukata ya koma gida an biya masa ita.

Nauyin shugabanni

Ba ma'aikaci kaɗai ne yake da alhaki ba. Shugaban da yake tura mutum ɗaya kos sau uku a shekara saboda kusanci, alhali ga wani ya shekara goma bai taɓa fita ba, ya ci amanar ofis. Haka wanda yake danne takardar yaronsa don kada ya rasa mai yi masa aiki, ko don tsoron kada yaron ya fi shi takarda. Haka kuma wanda yake tsallake mata bisa zaton aure ko goyo zai hana su, ba tare da ya tambaye su ba. Kowane sashe ya kamata ya san irin ilimin da ya rasa, ya ajiye jerin waɗanda suka je horo da waɗanda ba su je ba, ya kafa takardun zagaye a allon sanarwa inda kowa zai gani tun wa'adi bai wuce ba. In kuma ma'aikaci ya dawo, a ajiye shi inda iliminsa zai yi amfani. Tura mutum ya koyo aikin ban ruwa sa'an nan a ba shi ajiyar sito ɓarnar dukiya ce.

Jihar Neja ita ce mai madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, ga filin noma mai faɗi, ga Babban Birnin Tarayya a maƙwabtaka. Duk wannan arziki hannun mutane yake jira, watau masu awon ƙasa, da malaman gona, da ma'aikatan lafiya, da masu riƙe littafin kuɗi da gaskiya. Fiye da shekara ɗari da suka wuce sai da aka ɗauko akawu daga bakin teku kafin a rubuta wasiƙa a Zungeru. Waɗanda suka kawar da wannan hali mutane ne da aka tura karatu suka je, suka kuma dawo.

Saboda haka duk ma'aikacin da yake da niyya, ya tafi ofishin mulki na ma'aikatarsa ya nemi jami'in horo, ya karanta babin hutun karatu a littafin dokokin aiki da idonsa, ya tabbatar takardunsa sun cika a fayil, sa'an nan ya rubuta takardarsa. Mai nema yana tare da samu. Allah ya ba ma'aikata ikon riƙe amana, ya kuma ba ƙasa lafiya da zama lafiya, amin.